Mota Can Nesa, Mai Ita Cikin Sahu



Maganar da muka zo da ita yau ƙarama ce a ido, har mun ji nauyin kawo ta wannan shafi da aka saba tattauna tarihi da harshe da al'adun magabata. Sai dai mu da ke riƙe da littafin dattijonmu, muna rubuta ƙorafin da jama'a ke kawowa zaure, mun lura cewa a 'yan shekarun nan ba gado da bashi da rikicin aure kaɗai ke sa a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi ba. Ƙofar mota ma ta samu shafinta a littafin.

Duk wanda ya halarci Juma'a, ko ɗaurin aure, ko zaman makoki a nan Idles ya san abin da muke nufi. Motoci sun taru a ƙofar gida, gefe da gefe kamar awaki a inuwa, can kuma nesa, wajen jifa biyu, ga mota ɗaya tilo tana shan rana. Mai ita ya sauko, ya kulle, ya waiwaya sau biyu, sannan ya tako da ƙafa. Kafin ya iso an gama yanke masa hukunci. Wani ya ce girman kai ne, wani ya ce sabon kuɗi ne, wani ya ce motar ta fi masa mutane. Kwanan baya wani tsoho ya raɗa mana a kunne ya ce, "Malam, wannan yaron in aka ƙyale shi, lulluɓi zai saya mata kamar amarya."

Mun yi dariya a lokacin, amma da muka koma gida muka auna, sai muka ga an zalunci yaron. Mu dai a ganinmu wanda ya ajiye motarsa nesa don gudun kada ƙofar wani ta lotsa masa ita bai yi abin kunya ba. Akwai mai abin kunya a cikin wannan lamari, za mu zo kansa, amma ba shi ne wanda ake nunawa da baki ba.

A fara da tambayar me mota take a wurin mutumin Idles. Tsakaninmu da Tamanrasat, in an bi ta In Amgel, fiye da kilomita 200 ne. Babban asibiti yana can, manyan ofisoshi suna can, kayan da ɗan kasuwa zai saro suna can. Daga Tamanrasat zuwa Aljas kuwa tafiyar kusan kilomita 2,000 ce, kuma yawancin kayan gyara daga arewa suke gangarowa. Saboda haka mota a nan ita ce jakin gida, ita ce shago, ita ce gadon da ake kwantar da mai naƙuda a kai cikin dare. Ga wanda ya baro Agadas ko Tawa ko Damagaram ya yi shekara ashirin yana tara gumi, sau da yawa ita ce duk abin da ya mallaka wanda za a iya juyawa ya zama kuɗi ranar da ta ɓaci.

Sannan kowa ya san halin da kasuwar mota ta shiga a ƙasar nan. Tun 2016 hukuma ta ƙayyade yawan sababbin motocin da za a shigo da su, daga baya ƙofar ta kusa rufewa ɗungum na tsawon shekaru. Sai a 2023 aka sake buɗewa, aka ba mutane izinin shigo da wadda ba ta cika shekara uku ba, a ƙarshen shekarar kuma aka buɗe masana'antar Fiat a Tafrawi kusa da Wahran. A tsakanin nan mun ga abin da iyayenmu ba su gani ba: tsohuwar mota tana tsufa tana ƙara tsada. Mutum ya hau ta shekara biyar ya sayar fiye da yadda ya saya. Ana kiran farashi da ɗaruruwan miliyoyi, da yake mutanen ƙasar nan da santim suke lissafi, har baƙon da ya zo daga Kano ya ji ya riƙe baki kafin a fassara masa cewa miliyan ɗaya a bakinsu dinari dubu goma ne.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Mai sayen mota a Aljeriya, ko a kasuwar Tijalabin yake ko a shafin Ouedkniss, tambayarsa ta farko bayan shekara ita ce ko an taɓa fentin. Shekarar ma ba ya bukatar tambaya, tana rubuce a jikin lamba kowa na karantawa. Fenti kuwa sai an bincika, har akwai 'yar na'ura da ake ɗorawa a jikin ƙofa ta faɗi kaurinsa. Da zarar an gane an sake fesa ƙofa guda, mai saye zai fara zargin haɗari aka yi aka ɓoye, kuma rantsuwarka cewa ƙofar maƙwabci ce ta taɓa ta a wurin suna ba za ta hana shi rage kuɗi ba. Lotsawar da ba ta fi kan babban yatsa ba tana sa mai mota tsaka mai wuya: in ya bar ta, ana gani, in ya gyara da fenti, ana zargi. Akwai masu gyaran da ke zira ƙarfe ta cikin ƙofa su turo kwanon waje ba tare da fenti ba, matuƙar fentin bai tsage ba, amma irin wannan hannu ba a kowane gari ake samunsa ba. Mai mota sai ya ɗauki hanya, ya kashe mai, ya kashe yini, wataƙila ya kwana.

Wanda ya san wannan duka, ya zaɓi ya taka sawu ɗari a rana don ya tsare dukiyar 'ya'yansa, da wane baki za mu kira shi mai girman kai? Mun karanta tun muna gaban allo cewa tsare dukiya yana cikin abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, kuma labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah ba ɓoyayye ba ne.

Abin mamakin shi ne a ce a Idles ake wannan magana. A manyan birane ana zana wa kowace mota fili mai faɗin kimanin mita biyu da rabi, Hilux kuwa ta haura mita ɗaya da santimita tamanin, abin da ya rage tsakanin mota da mota bai kai tsawon ƙofa in an buɗe ta duka ba. Su suna da uzuri, ƙasa ce ta yi musu kaɗan. Har kamfanin Citroën, wanda motocinsa suka keta wannan sahara a ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923 daga Tugurt zuwa Tambutu, ya fitar da wata mota a 2014 mai suna C4 Cactus da faci na roba a jikin ƙofofinta don wannan matsala kawai. Mu fa? Ƙidayar 2008 ba ta samu mutum 5,000 cikakku a duk gundumar nan ba, ƙasarta kuwa ta miƙe har Amgid. Fili ba abin da muka rasa ba ne. Amma ku duba, da zarar mota ɗaya ta tsaya, ta biyu sai ta zo ta manne mata, ta uku ta manne wa ta biyu. Dalilin bai wuce biyu ba: inuwa kaɗan ce, itace ɗaya ko gindin katanga ɗaya kowa ke so, sannan ba wanda ke son tafiya. Akwai na uku da ba a faɗa, wato ɗan Adam dabbar garke ce, in ya ga inda wani ya tsaya sai ya ɗauka nan ne wurin tsayawa.

A ƙara da iska. Wanda bai zauna a Ahaggar ba bai san yadda iska ke fizge ƙofa daga hannun babban mutum ba, balle yaro ɗan shekara bakwai da ke ɗokin sauka. Mafi yawan lotsawar da aka kawo gabanmu ba mugunta ba ce, ƙofar baya ce da yaro ya tura iska ta ƙarasa.

To amma kada masu ajiyewa nesa su ɗauka mun wanke su tas. Nisa yana da nasa haɗarin, kuma yana da nasa rashin ladabin.

Dattawanmu da suka bi hanyar Agadas zuwa Bilma suna ba da labarin itacen Tenere, itacen ƙaya guda ɗaya tak a gefen rijiya, wanda babu wani itace kusa da shi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ayarin gishiri sun yi ta wucewa ta gabansa zamani bayan zamani, ba wanda ya karya reshensa ya dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta banke shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk faɗin Tenere direban bai samu abin da zai buga ba sai shi. Muna tuna wannan itace duk lokacin da muka ga mota ita kaɗai a fili, ba idon kowa a kanta, akuya tana neman hawa, yara suna buga ƙwallo a gefenta, wani kuma yana ja da baya a guje da tabbacin cewa babu komai a bayansa.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne masu gangarawa cikin wadi su fake a ƙarƙashin itatuwan da ke tsakiyarsa, da yake can inuwa ta fi kuma ba kowa. 'Yan gari ba sa yin haka a watannin ruwa, baƙinmu ne ke yi. Ruwa yakan sauka a kan duwatsu can nesa, nan sama garau, sai kawai a ji ruri, kafin mutum ya ɗauko makulli ƙorama ta cika. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Haka nan wanda zai je ya toshe bakin lambun wani, mai lambu ya zo da kayansa ya rasa hanya, ya tsaya yana tambayar motar wane ce wannan. In aka ce masa ta Bahaushe ce, ba sunan mai ita zai riƙe ba.

Akwai kuma abin da muka gani da idonmu a wani zaman makoki, wanda ya sa muka ce nisa yana da rashin ladabi. Wani ɗanmu ya ɗauko kawunsa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya wuce ƙofar gidan da shi ya je can ya tsaya. Muka hango tsohon yana takowa da sanda, yana tsayawa yana hutawa, rana tsaka. Da suka iso dattijo ya kira saurayin gefe ya ce, "Ɗana, ƙofar mota ana bugawa a miƙe. Gwiwar kawunka wa zai miƙe ta?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, Baba." Abin da ya kamata ya yi ba wuya: ya sauke tsoho a bakin ƙofa, sannan ya kai motarsa ko bayan dutse ne. Ƙafarka ce kake da ikon wahalarwa don motarka. Ƙafar mahaifiyarka da ta mai goyo ba taka ba ce.

Yanzu mu zo ga mai abin kunyar. Shi ne wanda ƙofarsa ta bugi motar wani, ya ji ƙarar, ya duba ya ga tabon, ya waiga hagu da dama, ya ga ba mai kallo, ya shige. Shi ne ya kori mutane zuwa nesa. Da a ce kowa ya tabbata in an taɓa motarsa za a neme shi a gaya masa, da rabin masu guduwa ba su gudu ba. Ba ƙofa suke tsoro ba, shirun suke tsoro.

Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce, abin hawan ne ya canza. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta da mai janta da mai kora ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu lambu, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobi. Ku duba yadda aka raba nauyin: mai dukiya ya tsare, mai ɓarna ya biya. Mai ajiyewa nesa ya ɗauki rabonsa na farko. Saura na biyun. Kuma malamanmu sun karantar da mu cewa a sha'anin dukiyar mutane kuskure yana ɗauke zunubin ganganci amma ba ya ɗauke biya, ƙuruciya ma haka. "Ban yi da niyya ba" magana ce ta neman afuwa, mai abu ake gaya wa ita. Ba a gaya wa kai ita a cikin mota ana tafiya.

Wani zai ce ai akwai inshora. Gaskiya ne, tun 1974 doka ta wajabta wa kowace mota inshorar abin da za ta yi wa wani, kuma akwai takardar konsta da direbobi biyu ke cikewa su sa hannu. Amma takarda ce ta mutum biyu. In ɗaya ya gudu, da wa za a cike ta?

Za mu ba da labari guda daga littafin, ba suna. Bara, bayan sallar Juma'a, yaron wani ɗan'uwanmu ya buɗe ƙofa iska ta fizge, ta sami motar wani maƙwabci Ba'abzine, mutumin da ya ba wasu daga cikinmu hayar ɗaki tun ba su san hanyar kasuwa ba. Uban yaron ya gani, ya ja mota ya tafi. Ashe jikan mai motar yana zaune a gindin katanga. Mai motar bai ce uffan ba har kwana uku, yana jira. Da bai ga kowa ba, sai ya aiko wa dattijonmu da saƙo, kuma saƙon bai ambaci kuɗi ba. Cewa ya yi yana so ya sani ko haka mutanenku suke.

Kalmar nan "mutanenku" ita ta hana mu barci. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan. Ɗan gari in ya yi laifi, laifin wane ɗan wane ne. Namu in ya yi, na Hausawa ne. Ba adalci ba ne, amma haka zaman baƙunci yake ko'ina, haka muke yi wa baƙi a Maraɗi da Katsina in za mu faɗi gaskiya. Amanar da ta sa ake ba mu bashi a shago ba takarda, ake kiranmu ɗaurin aure, ake tsaya mana in wani abu ya taso da hukuma, ba mu muka gina ta ba. Waɗanda suka riga mu zuwa ne suka gina ta da mayar da canjin da aka yi musu kuskure da faɗin aibin kaya kafin a saya. Mutum ɗaya ya tashi zai sayar da ita a kan tabon da bai fi ƙwayar dabino ba.

Sai da aka yi zama uku. Na farko ɗan'uwan namu ya musanta. Na biyu ya ce iska ce. Na uku dattijo ya ce masa, "Alhaji, iska ce ta buɗe ƙofa, mun yarda. Ita ce kuma ta tayar da mota ta kai ka gida?" Nan ya yi shiru. Muka tashi mu huɗu muka je gidan maƙwabcin bayan la'asar. Ya karɓe mu, aka sha shayi har kofi na uku kafin a taɓo maganar. Da aka ambaci gyara ya ɗaga hannu ya ce ba ya so. Ya ce da a ranar aka tsaya aka gaya masa, da ko fitowa duba motar ba zai yi ba.

Kada a ce muna wa'azi daga kan tudu. Mu ma mun taɓa yi. Shekarun baya a Tamanrasat, lokacin kasuwar Asihar, mun buɗe ƙofar motar da muke kai dattijo da ita, ta daki wata farar mota mai lambar 16. Zuciya ta ce ɗan Aljas ne, gobe ya tafi, ba zai ƙara ganinka ba. Mun kai ga sa makulli. Abin da ya tsayar da mu, kuma ba ma alfahari da shi, ba tsoron Allah ba ne da farko, dattijo ne da ke kujerar gaba yana jan carbi bai ce komai ba. Muka jira mai motar kusan sa'a guda a rana. Ya zo, ya duba, ya yi faɗa da Larabcin arewa wanda rabi kawai muka gane, ya karɓi abin da ya karɓa. Ba kowane labari ke ƙarewa da yafiya ba, kuma yana da haƙƙin karɓa.

Wannan ya kawo mu ga masu motar da aka taɓa. In mutum ya zo da ƙafarsa ya ce ni ne, kada a sa ya yi nadamar zuwa. Mun ga wanda aka lotsa wa ƙofa ɗaya ya kawo lissafin fentin gefe guda har da tsohon tabon da ya shekara uku. Mai yin haka yana koya wa na gaba guduwa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma motar da ke bin hanyar Hirafok da Tazruk, tsakuwa na dukanta safe da yamma, ba za ta mutu da fatar jarirai ba. Ka karɓi abin da aka ɓata, ko ka yafe a rubuta maka.

Game da masu gulmar mai ajiyewa nesa kuwa, mu roƙonmu shi ne a duba inda yake tsayawa a cikin masallaci kafin a duba inda motarsa take tsayawa a waje. Saurayin da aka ce zai saya wa motarsa lulluɓi, mun gan shi a sahu kafaɗarsa a jikin ta lebura, mun gan shi cikin masu haƙa kabari, kuma da motar nan da ake yi masa gori aka kai wata baiwar Allah asibitin Tamanrasat da tsakar dare, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Bugu da ƙari, duk wanda ya kai motarsa can ya bar wa wani gurbi a nan kusa. Da ma matasa masu ƙafa duka za su yi koyi da shi, da bakin ƙofa ya zama na tsofaffi da masu jego, ko da niyyar tasu ta fenti ce.

Dattijo ya umarce mu mu sanar cewa daga wannan Juma'a, a duk taron da yake namu, inuwar da ke bakin ƙofa ta motocin da suka ɗauko tsofaffi da marasa lafiya ce, sauran a ba da tazarar buɗe ƙofa, kuma a riƙe wa yara ƙofa har su sauka. Wanda tsautsayi ya sa ya taɓa motar wani bai ga mai ita ba, ko yana jin nauyin tunkararsa, ko harshe ya yi masa shamaki, ya zo zaure kafin rana ta faɗi, za mu raka shi. Muna da masu jin Tamahak da Larabci.

Maƙwabcin nan namu har yau bai gyara ƙofarsa ba. Mun gan ta shekaranjiya a bakin lambunsa, tabon yana nan ƙarƙashin mariƙin ƙofar baya, ɗan'uwan namu kuma yana taya shi loda akwatunan tumatir.

Wassalam.